Na share shingen gida a Amurka, ƙuraje sun feso mini: amsar likitan fata

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata biyu a Amurka, muna zaune a jihar Maryland. Ranar Asabar na share ciyawa da wani tsiro mai yaɗo da ya nannaɗe shingen bayan gida. Ban ji komai ba sai ranar Litinin, ƙuraje masu ɗurar ruwa suka feso mini a hannu, a jere kamar an ja layi, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Yau Alhamis ga sababbi a ciki da wuya da fatar ido, har da wurin da ba zan iya faɗa ba. Maƙwabcina ya ce poison ivy ne. Maiɗakina ta ware mini tawul da kwano, ta hana yara matsowa kusa da ni. Shin ana ɗauka? Ruwan ƙurajen ne ke yaɗa su? Me zan shafa? Tarin ciyawar yana nan, ina so in ƙone shi ranar Asabar.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Zan fara da ƙarshen saƙonka, don a nan hatsarin yake. Don Allah kada ka cinna wa tarin nan wuta. Mu a gida haka muka saba, a yi sharar gona, a tara, a banka wuta, toka ta zama taki. Wannan tsiron ba a yi masa haka. Man da ya fito maka da ƙurajen nan yana hawa kan ɓurɓushin toka da hayaƙi ya bi iska. Duk fatar da hayaƙin ya taɓa za ta iya fesowa, wanda kuma ya shaƙe shi, abin da kake gani a hannunka shi zai faru a maƙogwaronsa da hanyoyin numfashinsa. Masu kashe gobarar daji a Kalifoniya sun san haka sarai, domin ɗan'uwan wannan tsiron yana cikin abubuwan da suka fi hana su fita aiki. Ga yaranka a gida, ga maƙwabta.

Na biyu, tunda abin ya kai fatar ido da al'aura, ka ga likita yau, ko da a ƙananan asibitocin nan ne na unguwa da ake shiga ba tare da an ba da rana ba. Idan ka je ka faɗa masa duk inda ya fito, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Waɗannan wurare biyu su kaɗai sun isa su sauya irin maganin da za a ba ka.

Sunan da maƙwabcinka ya faɗa, mu Hausawan nan muna cewa foizin aibi, kuma kunnen Bahaushe bai yi kuskure ba, tsiro ne mai aibi. Masana tsirrai suna kiran danginsa Toxicodendron, wato itacen guba. Uku ne suka fi damun mutane a ƙasar nan. Aibi shi ya fi yawa, ya cika gabashi da tsakiyar Amurka har kudancin Kanada. Foizin ok ya fi yawa a gaɓar yamma, Kalifoniya da Oregon da Washington, akwai kuma wani irinsa a kudu maso gabas. Foizin sumak yana son fadama da wuri mai laka, shi ba kowa ke cin karo da shi ba. Ba a samun su a Alaska da Hawaii. Kamanninsu daban-daban ne, amma makaminsu ɗaya, wani mai ne da ake kira urushiyol.

In ka fahimci man nan, ka fahimci ciwonka gaba ɗaya. Ba shi da wari, kusan ba shi da launi, yana da danƙo kamar girisin mota. Yana cikin ganye da kara da saiwa da 'ya'ya, rani da damina, tsiron yana raye ko ya bushe. Lokacin sanyi ganyen yana zubewa, mutum ya ga busasshen yaɗo a jikin bishiya ya kama ya fizge, ya kwashi rabonsa. Sunan man daga Japan ya zo. A can akwai itacen urushi, ɗan wannan dangi, wanda tun dubban shekaru ake tatsar ruwansa ana shafe akusa da kayan katako su yi ƙyalli, kuma wani masanin sinadarai na ƙasar mai suna Majima Riko shi ya gano sinadarin a farkon ƙarni na 20. Idan man ya sha iska yana komawa baƙi kamar kwalta. In ka duba rigar da ka yi aikin da ita ka ga wasu baƙaƙen ɗigo da suka ƙi fita, to shi ne. Ɗan kaɗan ya ishe shi aiki. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ce maikrogiram 50, abin da bai kai ƙwayar gishiri ɗaya ba, yana fito da ƙuraje a jikin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na manya.

Na san abin da ya ɗaure maka kai shi ne jinkirin. Duk wanda ya taso a karkara ya san ƙarara. Ka goge ta, kafin ka taka taku goma ka fara rawar dole, domin gashin jikin kwafsarta yana soke fata ya zuba sinadarin da ke tayar da ƙaiƙayi nan take, kuma ba ta bambanta mutum da mutum. Haka ruwan tinya ko na tumfafiya, shi da kansa yake cin fata da ido. Aibi ba haka yake aiki ba. Man da kansa ba ya ƙona komai. Ratsa fata yake yi ya manne a jikin sunadaranta, ya sauya musu kama. Sai 'yan sintirin garkuwar jiki da ke zaune a cikin fata su ga baƙuwar fuska, su ɗauki samfuri su kai kaluluwar da ke kusa, ta hammata ko ta matsematsi. A can ake horar da wasu ƙwayoyin jini farare, waɗanda muke kira ƙwayoyin T, su haddace wannan kama. Su ne ke dawowa su far wa duk inda man ya manne. Kumburin da ɗurar ruwan da ƙaiƙayin, duk ɓarnar sojojinka ce a cikin garinsu.

Horon nan yana cin lokaci. Wanda bai taɓa haɗuwa da man ba, karon farko yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ya ga wani abu, wani ma ba zai ga komai ba. Amma jiki ya riga ya ajiye. Karo na gaba, tsakanin awa 12 zuwa 72 ya feso. Kai Asabar ka taɓa, Litinin ya fito, wannan yana nuna mini ba ranar ce haɗuwarku ta farko ba. Wataƙila bara ka goge shi a bakin hanya ko a wurin shaƙatawa ba ka sani ba. Shi ya sa nake dariya idan wani ya bugi ƙirji ya ce shi jininsa mai ƙarfi ne, aibi ba ya kama shi, har ya tsinko ganye ya murza don ya nuna wa mutane. Na sha ganin irinsu bayan shekara ɗaya ko biyu fuska a kumbure. Kowace taɓawa ƙarin darasi ce ga garkuwar jiki.

Yanzu saƙona ga maiɗakinka. A mayar maka da kwanonka, yara su zo su zauna kusa da babansu. Ba a ɗaukar wannan ciwon daga mutum zuwa mutum, ba ƙazwa ba ne, ba ƙarambau ba ne, babu wata ƙwayar cuta a ciki. Ruwan da ke fita daga ƙurajen ruwan jikinka ne, irin wanda ke taruwa idan tafasasshen ruwa ya zubo wa mutum ko sabon takalmi ya matse shi ya yi bororo. Babu ɗigon urushiyol a cikinsa. Da zarar ka yi wanka da sabulu, fatarka ba ta da abin da za ta ba wani.

Sai dai tsoronta yana da tushe, wurin ne kawai ta kuskure. Abin da ya kamata ta guda shi ne kayan da ka yi aikin da su. Ina rigar da wandon? Idan ita ta rungumo su daga kwandon wanki, ta lura da hannuwanta a 'yan kwanakin nan. Mata da yawa da nake gani da wannan ƙurjin ko inda tsiron yake ba su leƙa ba, a wurin wanki suka samu.

To me ya sa sababbi ke ta fitowa har yau Alhamis? Wani ɓangaren bambancin fata ne. Inda man ya taɓa da yawa, ko inda fata take da laushi, nan ke fara fesowa. Inda ya taɓa kaɗan ko fata mai kauri, sai ya yi jinkirin kwanaki. Duk a rana ɗaya aka shuka su, tsirowa ce ta bambanta. Layin da ka gani a hannu kuwa sawun karyayyen reshe ne ko gefen ganye da ya ja a jikinka.

Wani ɓangaren kuma hannunka ne ya yi rabon tun ranar Asabar. Tafin hannu fatarsa kauri gare ta, da wuya ya yi ƙurji, amma shi ne babban dillalin man. Ka tuna abin da ka yi ranar. Ka share gumi a goshi da wuya, ka murza ido, ka ɗaga riga ka sosa ciki. Ka zaga bayi ka yi tsarki. Lokacin salla ya yi ka ɗauki buta ka yi alwala, ruwa zalla ba sabulu, ka wanke fuska, ka shafi kai da kunne. Ruwa zalla ba ya ɗauke wannan man sosai, sai dai hannu ya kai shi gaba. Ga amsar fatar ido da wurin da ka kasa faɗa, kuma ka kwantar da hankalinka, maza da yawa haka suke zuwa mana da shi. Yanzu da man ya fita, alwala ba za ta ƙara maka komai ba, ruwan sanyin ma daɗinsa za ka ji.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne na ukun, domin shi ne har yanzu yake hannunka. Mai yiwuwa kana sake shafar man kullum daga wani abu a gidan. Urushiyol ba ya bushewa ya tafi, yana iya zama da ƙarfinsa a jikin kaya har shekaru. Ni kaina shekarar da na fara zama a nan sai da ya kama ni sau uku a damina ɗaya, kullum a yatsu da wuyan hannu, alhali sau ɗaya na shiga daji. Ina likitan fata, ina ta zargin sabulun wurin aiki. Ashe igiyar takalmin da nake motsa jiki da shi ce. Kowace safiya na ɗaure ta sai na ɗebi sabo. Don haka ka zauna ka bi sawun Asabar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya: takalmi da igiyarsa, safar hannu, ƙotar adda ko almakashin yankan reshe, madaurin agogo, tabarau, waya, makullai, sitiyarin mota, mariƙin ƙofa, butar alwala, carbi, hula, har dardumar da ka yi salla a kai da kayan aikin a jikinka. In kuna da kyanwa mai fita waje, ita ma. Dabbobi da wuya ya yi musu wani abu, amma gashinsu yana kwaso shi su shigo da shi har kan cinyar yara.

Tufafi a wanke su daban, da ruwan zafi da isasshen garin sabulu, in da hali sau biyu. Abubuwa masu tauri a goge su da sifirit irin na kyamis ko da sabulun wanke-wanke, a ɗauraye. Mai wannan aikin ya sa safar hannu ta leda mai kauri, wadda ake kira binil, domin man yana ratsa safar roba siririya irin ta asibiti. Safar fata ko ta yadi da ka yi sharar da ita, ni dai shawarata ka jefar, ba ta kai wahalar wankin ba.

Wannan karon lokacin wanke fata ya wuce, amma ka riƙe don gaba. Man yana fara mannewa cikin mintuna. Wanda ya wanke a cikin minti goma na farko zai fitar da kaso mai yawa, bayan rabin awa saura kaɗan ke fita, bayan awa ɗaya kusan duk wanda zai shiga ya shiga. Duk da haka a wanke ko an makara, don a hana hannu ci gaba da rabo. Ka ga yadda bakanike ke wanke baƙin mai daga hannunsa, to haka za ka yi, sai dai kai naka man ba ka ganinsa. Sabulun wanke-wanke, ɗan tsumma, ka cuɗa, ka ɗauraye da ruwa mai yawa, ka maimaita sau uku, ka bi tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. A tsaye za ka yi wankan ruwa yana zuba yana tafiya, kada ka shiga baho ka jiƙa. Akwai magungunan wanki na musamman a kyamis irin su Tecnu da Zanfel, suna aiki, amma kada ka ɓata rabin awa a hanyar sayo su alhali ga sabulu a kicin.

Mu zo ga magani. Babu abin da ke kashe wannan ciwon rana ɗaya. Yana ɗaukar mako ɗaya zuwa uku ya warke da kansa, aikinmu shi ne mu rage wa garkuwar jiki fushi, mu sama maka barci, mu hana ƙwayoyin cuta shiga. Wanda nasa kaɗan ne a hannu ko ƙafa, tsumma mai sanyi na minti 15 zuwa 20 sau da yawa a rana, da ruwan kalamin, sun ishe shi. Inda ke tsattsafo da ruwa akwai garin da ake jiƙawa mai suna Domeboro, yana busar da shi. Wanka da garin alkamar oat da ake sayarwa don ƙaiƙayi yana sanyaya jiki. Man haidirokotizon na kashi 1 cikin 100 da ake saya ba takardar likita, gaskiya ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba a kan wannan ciwon. Masu ƙarfin sai likita ya rubuta, sun fi aiki idan an fara da wuri, kuma ba a shafa su a fuska ko al'aura sai da umarninsa, don suna sirantar da fata.

Kai naka ya wuce nan. Wanda ya fito masa a fuska ko al'aura, ko ya rufe kusan rubu'in jiki, ko ya hana shi barci da aiki, ƙwayar sha muke ba shi, yawanci firednizon. Ga abin da nake so ka tambaya da bakinka: kwana nawa zan sha? Akwai wani ƙaramin fakiti na kwana shida da ake yawan bayarwa saboda sauƙi. Mutum ya sha ya ji daɗi, maganin ya ƙare, bayan kwana biyu ƙurajen su dawo kamar an zuga su, domin garkuwar jiki ba ta gama hucewa ba. Ga mai tsanani, mu likitocin fata mun fi son mako biyu zuwa uku, ana rage yawan a hankali. Ka faɗa masa in kana da ciwon sukari ko hawan jini ko gyambon ciki, domin maganin yana tayar da sukari da jini. Da safe ake shan sa bayan an ci abinci, in aka sha da dare yana hana barci. Na kuma san halinmu, kowa ya taho daga gida da ledar magunguna a akwati. In akwai firednisolon, ɗan'uwan firednizon, a ciki, kada ka auna wa kanka.

Magungunan ƙaiƙayi irin su Piriton da muka sani a gida ko Benadryl na nan, mutane suna mamaki in na ce ba sa kashe wannan ƙaiƙayin. Su an yi su ne don irin borin jini, wanda wani sinadari mai suna histamin ke tayarwa, shi kuwa aibi ta wata hanya yake bi. Amfaninsu ɗaya, suna sa barci. Ka sha da dare in kana so, kada ka sha ka yi tuƙi.

Masu ba da shawara kuwa za su yi maka yawa. Wani zai ce ka goga bilic, wani kananzir ko fetur, wani toka, wani man goge baki, wani man zafi. Duk ƙuna za su ƙara a kan ƙuna, kuma su ne ke barin tabon da ba ya tafiya. Ruwa mai zafi sosai yana da daɗi na ban mamaki a kan ƙurajen, na sani don na gwada, amma bayan ɗan lokaci ƙaiƙayin ya dawo da ƙarfi fata kuma ta bushe. Ko a kyamis akwai abin gudu: man shafawa mai neomaisin, da mai benzoken, da Benadryl na shafawa, su kansu suna iya tayar da wani sabon ƙurji a kan fatar da ta riga ta fusata. Man kaɗanya yana da kyau, amma sai wurin ya bushe ya fara saɓa, ba lokacin da yake zubar da ruwa ba. Kada ka fasa bororon, rufinsa shi ne bandejin da ya fi kowane. In wani ya yi girma yana damunka, likita zai tsiyaye shi da allura mai tsafta ya bar fatar a kai. Ka yanke farce.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu masu baƙar fata. Yawancin hotunan da ke littattafan likitanci na farar fata ne, inda ƙurjin ke fitowa jawur. A jikinmu yakan zama ruwan ƙasa mai duhu ko shunayya, ko ma launin bai sauya sosai ba sai kumburi da bororo. Likitan da bai saba ba zai iya raina tsananinsa. Ka buɗe baki ka ce ka yi shara ranar kaza, ga ranar da ya fito, ba ka barci. Haka nan idan ƙwayoyin cuta sun shiga, kada ka jira ganin ja. Ka lura in ƙaiƙayi ya koma zogi, wurin ya ɗau zafi, ya fara mugunya ko ɓawo mai launin zuma, ko zazzaɓi ya zo. Wannan sai maganin kashe ƙwayoyin cuta. In kuwa numfashi ya yi wuya, ko haɗiya ta gagara, ko ido ya kumbura ya rufe, 911 za a kira, lambar neman agajin gaggawa.

Abu biyu nakan tabbatar ba su ba ne kafin in ce aibi. Ɗaya ciwon da ƙwayar ƙarambau ke tayarwa bayan shekaru, shi ma bororo ne a jere, amma a ɓari ɗaya na jiki yake tsayawa, kuma zafi da zogi sun fi ƙaiƙayi. Ɗayan kuma ƙunar da ake samu idan ruwan lemun tsami ya taɓa fata rana ta buge shi, shi raɗaɗi yake yi ya bar baƙin zane. Labarinka bai yi kama da ko ɗaya ba.

Bayan warkewa za ka ga wuraren sun yi duhu. Fatarmu haka take rama kowane kumburi, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya washe. Susa da rana su ke ƙara masa duhu, don haka ka riƙa rufe wurin ko ka shafa man kariya daga rana. Kada wani ya kawo maka man bilicin ko haɗin nan na kanti da ake cewa yana goge tabo.

Saura tarin ciyawar da abin da ya rage a shingen. Ka fara koyon gane shi, ka koya wa yara. Amurkawa tun suna ƙanana ake koya musu cewa mai ganye uku a bar shi. Kowane ganye ƙananan ganyaye uku ne, na tsakiyar sandarsa ta fi tsawo, biyun gefe suna kusa da kara. Gefen ganyen wani sumul, wani da 'yan tsaga, kada wannan ya ruɗe ka. Farkon tsirowa yana da ja-ja, da damina kore, lokacin kaka ya koma ja ko ruwan lemo mai kyau har yaro ya so tsinka. 'Ya'yansa ƙanana ne farare-farare. Yana yaɗo a ƙasa, yana tsayawa kamar ƙaramin kurmi, yana kuma hawa bishiya da igiya mai gashi-gashi kamar tsohuwar igiyar rama. Akwai wani yaɗo marar wannan man da ke yawan fitowa tare da shi, shi ganyensa biyar ne.

In da wanda zai kwashe maka tarin, ka bar masa, ka kuma gaya masa abin da ke ciki. In kai za ka yi, sai ka warke, ka sa riga mai dogon hannu da dogon wando da takalmin roba da safar binil, ka zuba a manyan ledojin shara masu kauri ka ɗaure. Ka tambayi hukumar kwasar shara ta yankinku inda ake sa shi, kada ya shiga cikin ganyen da ake mayarwa taki. Kada ka bi ta kansa da injin yankan ciyawa, fesa maka man zai yi a ƙafa da fuska. Wanda ya hau bishiya a yanke shi daga gindi, a shafa maganin kashe ciyawa mai gilaifoset ko tiraikulofir a kututturen, a bar na saman ya mutu a inda yake. Da a gida ne da na ce ka saki awaki, suna cinye shi ba abin da ke samunsu, a nan ma akwai masu ba da hayar garken awaki don wannan aikin. Ka sa ran zai dawo, domin tsuntsaye suna cin 'ya'yan su sauka a kan shinge su yi kashi, shi ya sa kullum a gindin shinge ake samunsa. Wani gwaji da aka yi a dajin Jami'ar Duke, aka buga a 2006, ya nuna cewa ƙaruwar iskar kabon a sararin sama tana sa shi saurin girma, mansa kuma ya ƙara ƙarfi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya shafe ka daga yanzu. Aibi dangi ɗaya ne da mangwaro da yazawa, wadda wasu ke cewa kashu. Ka tuna yadda yara ke zana sunansu a hannu da man ƙwallon yazawa ya ƙone fata ya bar tabo, da yadda danƙon hancin ɗanyen mangwaro ke sa wa yara gyambo a gefen baki? Sinadaran da ke ciki 'yan'uwan urushiyol ne, kuma garkuwar jikin da ta haddace ɗaya takan far wa ɗayan. A 1982 mutane da dama a jihar Pennsylvania sun yi ƙuraje bayan cin yazawar da aka shigo da ita daga Mozambik wadda ɓawo ya gauraya da ita. A 2005 kuma likitoci a Isra'ila sun ba da labarin matasan Amurka da suka je aikin tsinkar mangwaro suka feso da ƙuraje, alhali 'yan ƙasar da suke aiki tare ba abin da ya same su. Bambancin shi ne Amurkawan sun fito daga inda aibi yake, jikinsu ya riga ya san man.

Yazawar kanti ba matsala, an gasa ta ko an turara ta kafin a ɓare, har wadda aka rubuta wa ɗanya. Amma in ka je gida hutu, ka nisanci fasa ƙwallonta da hayaƙin gasa ta. Mangwaro kuwa, yawancin waɗanda suka taso suna shan sa suna ci gaba da sha lafiya, kuma matsalar a ɓawo da danƙo da ganye take, tsokar ba ta cika yin komai ba. Na farkon da za ka sha bayan ka warke, maiɗakinka ta wanke ta fere maka, ta yanka a faranti ka ci da cokali. Irin shan da muka saba, a lallatsa shi a huda baki a tsotsa ɓawo yana gogar leɓe, ka dakata da shi tukuna. In bayan kwana ɗaya ko biyu ka ji gefen baki yana ƙaiƙayi ko leɓe ya tasa, ka faɗa wa likitanka cewa aibi ya taɓa kama ka.